Shari'ar Shugaba Darman da Mutanen Bakin Iyaka

Duk wanda ya san Bugaje, cikin ƙasar Jibiya, ya san da wuya a sami gidan da ba shi da dangi a ƙetaren iyaka. Wani mahaifiyarsa daga Ɗan Isa aka auro ta, wani kakansa a Madarumfa aka rufe shi, wani kuwa 'yarsa ce take aure a Maraɗi. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama Katsinawan Maraɗi daga Birnin Katsina suka fita bayan jihadi, kusan shekara ɗari kafin Ingilishi da Faransawa su zauna su ja layi tsakanin 'yan'uwa. To, ranar da wani mai iko ya dubi mutumin Bugaje ya ce masa, "Kai ba ɗan Nijeriya ba ne," wa zai raba gardama?

An riga an raba ta a Maiduguri, kuma a ganinmu wajibi ne kowane ɗalibi ya san yadda aka yi.

Ranar 24 ga Janairu, 1980, jami'an shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, suka ƙetare da shi iyaka suka ajiye shi a ƙasar Cadi. Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, shi ya sa hannu a takardar korar. Hujjarsu ita ce mahaifin Shugaba mutumin Cadi ne, saboda haka shi ma baƙo ne. Amma kowa ya san Shugaba jigo ne a jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, wadda ke riƙe da Borno, alhali NPN ce ke mulki a Ikko. Biri ya yi kama da mutum. Ga mutumin da jama'arsa suka zaɓa, aka rantsar da shi, ya yi wata uku yana jagorancin majalisa, sa'an nan aka wayi gari wai an gano baƙo ne!

Aka kai ƙara Babbar Kotun Maiduguri, gaban Mai Shari'a Oye Adefila. Kotu ta bi asalin mahaifiyar Shugaba, ta tabbatar 'yar ƙasa ce. Sashe na 23 na Tsarin Mulkin 1979 kuwa bai ce sai uba ba. Cewa ya yi wanda aka haifa a Nijeriya kafin samun 'yancin kai, in dai ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin ƙasar nan, to ɗan ƙasa ne. Sashe na 38 kuma ya hana a kori ɗan ƙasa ko a hana shi shigowa. Kotu ta soke korar, ta kuma ɗora wa gwamnati diyyar naira 350,000. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, amma a 1982 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta tabbatar Shugaba ɗan Nijeriya ne. Waɗannan sassa biyu suna nan a Tsarin Mulkin 1999, sun koma sashe na 25 da na 41.

A lura da nauyin wannan hukunci. Alƙalin jiha ne ya dubi ministan tarayya ya ce masa sa hannunsa bai isa ya tuɓe wa mutum ƙasarsa ba. Kuma a ƙasar da aka saba jingina ɗa ga ubansa kaɗai, kotu ta ce jinin uwa ma ya wadatar. Ga mutumin Bugaje, ko na Magama, ko na Kwangwalam, ma'anar wannan ita ce samun dangi a Nijar ba ya rage masa kome. Batun kuwa bai mutu ba. A 2019 lauyoyin APC sun tsaya gaban kotun zaɓe suna cewa Alhaji Atiku Abubakar ba haifaffen ɗan ƙasa ba ne, wai don lokacin da aka haife shi Jada tana ƙarƙashin Kamaru. In har ana iya jifan tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa da wannan dutse, ina ga manomin da ko takardar haihuwa ba shi da ita?

Akwai masu cewa kotu ba ta da igwa, hukuncinta sai in mai mulki ya ga dama. Ba mu ce ƙarya suke yi ba. A 1970 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Lakanmi, cewa gwamnatin soja ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum da doka ba tare da shari'a ba. Ba a yi wata guda ba gwamnatin Janar Gowon ta fito da Doka ta 28 ta shafe hukuncin. A 1981, da Majalisar Kaduna ta tsige Gwamna Balarabe Musa (lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna), kotuna suka ce tsarin mulki ya ɗaure musu hannu. Sai bayan shekara ashirin da biyar, a shari'ar Gwamna Ladoja na Oyo, Kotun Ƙoli ta ce in majalisa ba ta bi ƙa'ida ba kotu tana iya soke tsigewar. A ƙetaren iyaka ma, a watan Yuni 2009 Kotun Tsarin Mulkin Nijar ta haramta ƙuri'ar tazarce, Shugaba Tandja ya rushe kotun, a Fabrairu 2010 soja suka rushe shi. Duk da haka Shugaba Darman ya komo gida ya hau kujerarsa, kuma takardar kotu ce ta komo da shi.

Abin da ya fi damunmu dabam ne. Shugaba yana da jam'iyya, da gwamnan jiha a bayansa, da manyan lauyoyi. Talakan bakin iyaka ba minista ne zai kore shi ba. A gaban tebur ake korarsa, a hankali. Ya zo neman takardar shaidar asali, ko fasfo, ko katin ɗan ƙasa, a ji harshensa, a dubi zanen fuskarsa, a ce ya je ya dawo. Haka nan da aka rufe iyaka a Agusta 2019, aka kuma hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya sun ɗanɗana yadda ake zama ɗan ƙasa a takarda, abin zargi a kan hanya. Ba mu musun ikon gwamnati na tsare iyakokinta, amma wannan iko ba ya mai da ɗan ƙasa baƙo.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ne gobe za mu zauna a bayan waɗannan tebura, wasu a sakatariyar ƙaramar hukuma, wasu cikin kayan sarki a Magama. Muna roƙon masu karatun lauya daga cikinmu su mai da hukuncin Adefila cikin Hausa, shafi ɗaya ya isa, ƙungiyarmu ta buga shi, mu kai wa dagatai da masu unguwanni a hutu mai zuwa, mu fara da Bugaje ranar kasuwa.