Motar da Ke Tantance Makulli Kafin Ta Tashi

A shekarar 1912 kamfanin Cadillac ya fara sa wa motocinsa na'urar tayar da inji ta lantarki, direba ya huta da juya hannun ƙarfe a gaban mota. Shekaru da dama bayan haka, tayar da mota bai wuce haɗa wayoyi ba: batir ya ba kik wuta, kik ya juya inji. Duk wanda ya san wayoyin nan, ko ɓarawo ne, yana iya tayar da ita.

Motar zamani kuwa sai ta tantance makulli tukuna. A cikin makullin akwai wani ɗan guntun lantarki da ba ya buƙatar batir. Da an zura shi, zoben waya da ke kewaye da ramin makullin zai aika masa sigina, shi kuma ya amsa da lambar sirri. Kwamfutar injin, wato ƙwaƙwalwar mota, ita ke duba lambar. In ta dace, sai ta saki mai, ta ba fulogi wuta. In ba ta dace ba, ko kik ya juya, injin ba zai kama ba. A mota mai maɓalli, kwamfutar tana kuma tabbatar da an taka birki kuma giya na kan P ko N, sannan ta yanke wa kik wuta da zarar injin ya kama.

Matsalar tana zuwa ne ranar da makulli ya ɓace ko ya lalace. Sanya sabo yana buƙatar na'urar da ke magana da kwamfutar, kuma da tsada. Sai wani mai gyaran wayarin ya ba da shawarar a cire tsaron gaba ɗaya, a huta. Wannan shawara kuskure ce.

Jamus da Birtaniya sun wajabta wannan tsaro ga sababbin motoci tun 1998. Amurka ba ta wajabta ba, aka sayar da motocin Kia da Hyundai masu yawa babu shi. Daga 2021 matasa suka riƙa sace su da kan wayar USB, suna yaɗa dabarar a TikTok.

Mai motar da ya yarda a cire tsaron ya mayar da ita cikin wannan sahu da kuɗinsa. Abin da ya fi masa shi ne ya sa a yi masa makulli na biyu tun na farko yana hannunsa, domin a lokacin ne aikin ya fi sauƙi da araha.