Malam, kafin ka sayi siririyar laftof, ka fara tambayar mai gyara

Makon da ya wuce wani abokin aikina a makarantarmu da ke Aboabo ya nuna min hoton wata laftof a wayarsa, siririya kamar littafin rajista. Ya ce ita zai saya idan ya kwashi adashe ƙarshen wata. Na ce masa, Malam, dakata tukuna, ni na riga ka faɗawa wannan ramin.

Shekara uku da suka wuce na shiga wani shago a Adum, na zuba albashin kusan wata biyu a kan wata 'yar siririya ta hannu. Kyanta ne ya ɗauke min hankali, ban tambayi komai ba. RAM ɗinta giga 4 ne. Da na buɗe Excel ina shigar da makin yara, ga intanet a buɗe, sai ta fara rarrafe. Na kai wa mai gyara ya ƙara min, ya buɗe, ya yi dariya ya ce an liƙe RAM ɗin a jikin allon, ba a cirewa, ba a ƙarawa. A ƙarshe da asara na sayar da ita.

Shi ya sa nake ganin mu malamai, siranta ce ya kamata ta zo ƙarshe a lissafinmu. Ɗauki ThinkPad X1 Carbon, nauyinta kilo 1.1 ne ko sama kaɗan. 'Yar uwarta T480 ta 2018 tana kai kilo 1.6. Bambancin rabin kilo ne, wato ledar ruwan sha guda ɗaya. A kan wannan rabin kilon za ka biya ƙarin kuɗi, kuma ka samu RAM a liƙe. Ita T480 kuwa ana ƙara mata RAM, ana canza mata SSD, batirinta na waje ma da hannu kake zare shi. HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 7490 su ma ana ƙara musu RAM. Wanda yake ɗauko littattafan yara arba'in zuwa gida ya yi maki, wallahi ba rabin kilo ne zai karya masa kafaɗa ba.

Ba na cewa siririya ba ta da ranarta. MacBook Air mai M1, ta 2020, batirinta yana daɗewa sosai, abin da ke da amfani ranar dumsor, kuma ba ta da fanka, ba ta zuƙar ƙurar hunturu. Amma ba ta da ramin HDMI, sai ka sayi mahaɗi kafin ka jona firojekta, kuma RAM da SSD ɗinta duk a liƙe suke. Mai kasuwanci da kullum yana hanya, kuma aljihunsa zai ɗauka, to bismillah. Malami mai jiran ƙarshen wata, lissafinsa daban ne.

Ga abin da na gaya wa abokina. Kada ya karɓi ƙasa da RAM giga 8 da SSD giga 256. Ya duba lambar firosesa: idan Intel ce, ta zama tsara ta 8 ko sama, kamar i5-8250U, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma galibin waɗanda ba su kai tsara ta 8 ba, Windows 11 ba ta amince da su ba. Araharsu tarko ce. Ya sa mai shago ya buga powercfg /batteryreport a gabansa, ya ga abin da ya rage na ƙarfin batir. Ya danna kowane harafi, ya gwada kowane rami. Ya nemi a rubuta masa garanti a rasit, ko da na wata ɗaya ne.

Mafi muhimmanci, ya fara biyawa ta wajen mai gyara ya tambaye shi: wace ce kake da batirinta da gilashinta da cajarta a nan Kumasi? Mai sayarwa rana ɗaya za ku yi da shi, mai gyara kuwa shekaru za ku yi tare.

Abokina dai ya ce zai yi tunani. Na lura har yanzu bai goge hoton daga wayarsa ba.