Waiwaye: Korar Busiya da korar yau

Tsofaffin Arewa da suka yi zaman Kurmi ba su manta da korar Busiya ba. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zangunan Kumasi da Ankara suka yamutse. Mai shago ya sayar da kayansa a wulaƙance, tela ya ɗaure keken ɗinkinsa bisa babbar mota, aka nufo gida da yaran da ba su taɓa ganin gonar hatsi ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irinta a Najeriya.

Waccan kora ta gayya ce, takarda kawai ake tambaya. Ta yau ɗaiɗai take ɗauka, har da mai takardar zaman dindindin, kuma ita ce nake jiye wa ƴaƴan Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri da Gesheme da ke ƙasashen Turawa. A Ingila dokar 2007 ta ce baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 kora ce makomarsa, sai in ya kawo hujja mai ƙarfi. A Amurka dokar 1996 ta faɗaɗa jerin manyan laifuffukan da ke jawo kora: fataucin ƙwaya, ko satar da aka yanke wa shekara guda, ko da an jingine ɗaurin mutum bai kwana gidan kaso ba. Alƙalin shige da fice ba shi da sauran ikon duba yawan shekarunsa a ƙasar ko ƴaƴan da ya haifa can.

Tarkon yana wajen amsa laifi. Lauya ya miƙo takarda, ya ce sa hannu ka kwana gidanka yau. Mutum ya sa, ya yi hamdala. Bayan shekaru ya zo Dutsi Sallah, ya raba tsaraba. Ranar komawa a filin jirgi a riƙe katinsa, a shige da shi wani ɗaki. Ga misalin Jose Padilla, ɗan Honduras: ya haura shekara 40 da katin zama a Amurka, har ya yi mata yaƙin Biyetnam. An kama shi da tabar wiwi a babbar mota, lauyansa ya ce ya kwantar da hankalinsa, ya daɗe a ƙasar. Sai a 2010 Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya faɗa wa baƙo in amsa laifin zai jawo masa kora.

Ba na kare mai laifi. Amma wanda ya gama ɗaurinsa, a raba shi da iyalinsa kuma, an hukunta shi sau biyu, an haɗa da yaran da ba su ci ba su sha ba.

Tun 2014 Nijar ta amince ɗanta ya riƙe shaidar zama ɗan ƙasa biyu, a Amurka kuwa mai shekara biyar da katin zama yana iya neman ta can. Iyaye, in ɗanku ya bugo waya, kafin zancen kuɗin taki ku tambaye shi ko ya nema. Wanda aka riga aka koro kuma, a ba shi ɗaki da rabonsa na gona.