Kafin ka canza wa motar rimot dainamo, nemo abin da ya tsayar da ita

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, ƙanena ya kawo mini motarsa ta rimot da aka sayo masa daga kasuwar Birnin Kebbi. Kwana huɗu kawai ta yi tana yawo a tsakar gidanmu nan Kambaza, sai ta tsaya cak. Idan ka danna rimot fitilarta na kamawa, amma tayoyin baya ko motsi. Ya dube ni ya ce, "Yaya, mi yas same ta?" Ban ko buɗe ta ba na ce masa dainamonta ne ya mutu, wato ɗan injin nan da ke juya taya.

Na kalli bidiyoyi da yawa a YouTube da TikTok inda ake ƙara wa irin waɗannan motoci gudu, saboda haka na ga dama ta samu. Na ciro dainamon da ya fi nata ƙarfi daga wata tsohuwar motar wasa, na cire batiranta huɗu, na sa mata batir biyu ƙirar 18650 na tsohuwar laftof. Ina danna rimot sai warin ƙonewa. Daga baya, da na kwance akwatin giyar, na tarar da zare da gashi da yashi sun nannaɗe sandar taya sun riƙe ta. Tsohon dainamon lafiyarsa ƙalau. Ni ne na kashe motar, garin neman gira na rasa ido.

Ra'ayina shi ne: canza dainamo shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka yi wa motar rimot, kuma yawancin masu rugawa su canza shi gudun bincike suke yi. Ni sana'ata rubuta manhaja ce, a waya na fara koyonta ba tare da malami ba, kuma abin da ya fi ba ni wahala a farko shi ne wannan hali. Manhaja ta ƙi aiki, sai in goge rabin abin da na rubuta in kwafo na wani daga intanet. Wani lokaci ta tashi, amma ban san dalili ba, gobe kuma ta sake faɗuwa. Sai da na koyi canza abu ɗaya tak a lokaci guda, in gwada, in duba sakamako, sannan na fara zama mai gyara. Motar rimot ma haka take.

Ga abin da ya faru a cikin motar ƙanena. Ka ɗauki injin ban-ruwa na masu noman rani a fadama: volt kamar ƙarfin turo ruwa ne, wutar da ke gudana kuma kamar yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo. A kan fanel ɗin motar akwai ƙananan tiransista da ke buɗe wa dainamo wuta, su juya ta gaba ko baya. Su ne tiyon, kuma sirara ne. Batir huɗu masu volt 1.5 suna ba da volt 6. Batir 18650 ɗaya kuwa yana kai volt 4.2 idan ya cika, biyu a jere sun zama 8.4. Sannan dainamo ya fi jan wuta a lokacin da aka riƙe shi ya kasa juyawa. Na ƙara ƙarfin turo ruwa, na sa injin da ya fi shan ruwa, ga taya a maƙale. Dole tiyo ya fashe.

Da na bi tsari, da ba a kai nan ba. Ka fara da batir, na motar da na rimot, ka auna su da mita, domin batir mai rauni yana iya kunna fitila ya kasa tada dainamo. Ka duba ƙarafan da batir ke taɓawa ko sun yi tsatsa, da maɓallin kunnawa. Daga nan ka kashe motar ka juya taya da hannu. Idan ta yi tauri ko tana ƙara, matsalar a giya take, kuma a garuruwanmu masu yashi da ƙurar hunturu wannan ba abin mamaki ba ne. Ka duba wayoyi biyu da ke jikin dainamo, sau da yawa dalmar ɗaya ce ta ɓalle. Sai a ƙarshe ka cire wayoyin ka haɗa dainamon kai tsaye da batir biyu na volt 1.5. Idan ya juya, ka bar shi, ba shi da laifi. Idan kuma rimot ɗin aro kake gwadawa, duba lambar da ke jikinsa: mai 27 MHz ba zai yi magana da mota mai 49 MHz ko 2.4 GHz ba.

Ba na cewa ƙara wa mota gudu laifi ne. Amma dainamo da batir da fanel da giya tare suke tafiya. Ka ƙarfafa ɗaya ka bar sauran, mafi rauni ne zai biya, ko tiransista ya ƙone ko haƙoran giyar roba su cinye. Batir 18650 kuma ba abin wasa ba ne. Idan bakinsa biyu suka haɗu, ko aka huda shi, ko aka yi masa caji ba da na'urar cajinsa ba, yana iya kamawa da wuta. Kada ka ɗora masa ƙarfen dalma mai zafi, kuma kada ka bar wa yaro shi ba tare da rufi ba.

Wani zai ce ai kayan yara ne, ta lalace a sayi wata. A nan ne na fi saɓa wa mutane. Cikin wannan 'yar mota akwai saƙon rediyo, akwai sarrafa dainamo, akwai giya, akwai batir. Waɗannan su ne ginshiƙan jirgi marar matuƙi da motar lantarki, an ƙanƙanta su har yaro na iya riƙewa a tafin hannu. Mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta langa-langa mun koyi siffar mota. Yaran yau suna da damar koyon cikinta, idan ba mu jefar da ita a juji ba. Kuma hanyar ba mafarki ba ce. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa a 2017, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, nan kusa da mu.

Abin da nake tsoro shi ne mu tara matasa masu canza kaya maimakon masu gano matsala. Kowa ya san irin gyaran wayar da ake canza maka gilashi, a canza batir, a canza wurin caji, kuɗinka ya ƙare, matsalar tana nan. Wannan hali daga ƙananan abubuwa yake farawa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Motar ƙanena dai ta tashi. Na ciro tiransista biyu daga wani mataccen fanel na maye gurbin waɗanda suka ƙone, na mayar mata da dainamonta da batiranta na asali. Zaren da ya riƙe tayar kuwa shi na ba allura ya cire da kansa. Yanzu duk lokacin da ta tsaya, kafin ya kira ni sai ya kifa ta ya juya tayar da yatsa.