Kafin Mu Ɗauki Sanda Mu Nufi Coci

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, wasu samarin unguwa suka tare mu a ƙofar masallaci, idanunsu jawur. Wai an kai ɗan Musulmi coci an kafirta shi, wai idan manya ba za su yi magana ba, su za su je ranar Lahadi su yi da hannunsu. Suka miƙo waya muka kalli hoton bidiyon da ke yawo a WhatsApp: ga mata cikin anko suna rausayawa zuwa gaba, ga ganga, ga fasto ya ɗaga jinjiri sama yana addu'a, jama'a na amsawa da amin.

Mun san gidan. Uban ɗanmu ne na nan Sabo, direban babbar mota mai ɗauko albasa da tumatir daga Arewa. Matar Bayarabiya ce Kirista daga wajen Mokola. Ta haihu yana kan hanya. Ranar bakwai ta zo ba a yi suna ba, wai sai ya haɗa kuɗin rago da na rumfa da na mai kiɗa. Arba'in ta wuce, shiru. Da aka shiga wata na uku, kakar yaron ta wajen uwa ta goya shi ta tafi da shi cocinsu. Shi ke nan labarin.

To, bari mu fara da abin da aka yi a cocin, don yawancin masu ihun ba su ma san shi ba. Mun tambayi wani maƙwabcinmu a kasuwa, dattijo a irin wannan coci, wanda muka yi shekara ashirin muna ciniki da shi. Abin da suke kira dedikeshan, wato miƙa jariri ga Allah, daban yake da baftisma. Katolika da Angilikan su ne ke yi wa jarirai baftisma da ruwa. Amma waɗannan coci-cocin na masu tafi da rawa da addu'a da ƙarfi, irin su Redeemed da Winners, ba sa yi wa jinjiri baftisma, sai mutum ya yi hankali ya furta da bakinsa cewa ya ba da gaskiya. A wurinsu ma, addu'ar da fasto ya yi ba ta mai da yaron Kirista. Iyaye ne ke kawo shi, su yi godiya da baiko, fasto ya riƙe shi ya yi masa addu'a, wani lokaci ya shafa masa man zaitun a goshi, sannan a tambayi iyayen ko sun yi alkawarin renonsa a kan tafarkinsu. A cocin Redeemed, wadda Josiah Akindayomi ya kafa a 1952, kuma Fasto Adeboye ke jagoranta tun 1981, Lahadin farko na kowane wata ranar godiya ce, shi ya sa za ku ga jarirai sun fi yawa a ranar. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson motoci a gaban sansaninsu na hanyar Badun zuwa Ikko ya san ba ƙananan jama'a ba ne.

Hujjarsu tana cikin littafinsu. A Linjilar Luka sura ta 2, Maryamu da Yusufu sun kai Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ɗakin ibada na Urushalima bayan cikar kwanakin tsarki. Akwai kuma labarin Hannatu da ta roƙi ɗa, aka ba ta Sama'ila, ta mayar da shi ga hidimar Allah. Ɗan Islamiyya ba zai ji wannan baƙo ba, don a Suratu Ali Imrana, daga aya ta 35, matar Imrana ta yi bakancen abin da ke cikinta, ta haifi Maryama, ta nema mata tsari daga Shaiɗan. Ba mu ce abu ɗaya ba ne. Addu'ar da ake rufewa da sunan Isa a matsayin ɗan Allah, Musulmi ba ya cewa amin a kanta, ba ya kuma miƙa ɗansa a yi masa ita. Wannan babu ja. Kakar nan ta yi kuskure da ta ɗauki ɗan mutum ba da izinin ubansa ba, mun kuma faɗa mata haka a gaban mijinta, ta ba da haƙuri.

Amma batun wai an kafirta shi, haba samari! A wane littafi kuka karanta cewa man zaitun yana cire musulunci daga goshin jinjiri ɗan wata uku? Yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, a shari'a kuma addinin ubansa Musulmi yake bi. Hadisin fiɗira da kuke ta jawowa, ku karanta shi zuwa ƙarshe: iyaye ya ambata a matsayin masu karkatar da yaro, kuma wannan aikin shekaru ne, na abin da yaro ke ji da gani kullum a gida.

Nan ne inda gizo ke saƙa, nan ne kuma ba a son mu taɓa. Waye ya hana a yi wa yaron nan huɗuba a kunne ranar da aka haife shi? Waye ya hana a raɗa masa suna ranar bakwai? Wallahi da an aiko, da mun je da goro ƙwarya ɗaya da dabino, mu yi addu'a mu watse kafin hantsi. Aƙiƙa a mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ce ranar bakwai, ga namiji ko mace, kuma ba farilla ba ce, wanda ba shi da hali babu laifi a kansa. Raɗa suna bai rataya a wuyan rago ba, balle a wuyan mai kiɗa. Mu ne muka mai da suna gasar nuna arziki, har talaka ya gwammace ɗansa ya yi wata uku ana kiransa "bebi" da a ce ya yi suna ba shinkafa. Tsohuwa ta ga jikanta ba wanda ya yi masa addu'a, ta kai shi inda ta sani. Ku gaya mana, tsakani da Allah, wa ya fara sakaci?

Auren Kirista kuwa, Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta shi, ba mu da ikon haramtawa. Sai dai Imamu Malik ya karhanta shi, kuma ga dalilin yana bayyana a gabanmu. Wanda zai yi, ya zauna da surukansa tun kafin ɗaurin aure a yi maganar 'ya'ya a fili. Yarbawa ba sa jin nauyin wannan magana, gida ɗaya za ka tarar da alhaji da fasto uwa ɗaya uba ɗaya. Mu ne muke noƙewa, sai abu ya faru mu hau sama.

Wani abu kuma da ya kamata ya hana mu barci. Alkawarin nan da suke yi a gaban fasto, suna riƙe shi. Yaro na fara tafiya za a sa shi ajin yara na ranar Lahadi, a koya masa labarai da waƙoƙi, a san sunansa, a neme shi idan bai zo ba. Mu fa? Mu yanka rago, wanzami ya yi aski, a ci a sha, shekara shida bayan nan yaron na talla a bakin titi lokacin da ake darasi a Islamiyya. Ku leƙa makarantar bayan masallaci da la'asar ku ƙirga yara, sannan ku fita layi ku ƙirga.

Ga masu son zuwa coci da sanda, ba mu manta da Sasa ba. A watan Fabrairun 2021 'yar gardama ce a kasuwa ta zama gobara, aka rasa rayuka, shaguna da gidaje suka ƙone, wasu 'yan uwanmu suka koma Arewa da kayan jikinsu kawai. Sabo tana nan tun 1916, kakanninmu fataken goro da shanu ba da sanda suka riƙe ta ba. Ranar da dutse ɗaya ya faɗa kan tagar coci, masu tura bidiyon daga Kano da Kaduna ba su ne za a ƙona wa rumfa ba.

Uban yaron ya dawo. Asabar da ta wuce muka raɗa wa yaron suna bayan sallar asuba, mutum goma sha biyu a zaure, ba rago, sai goro da kunu. Kakar ta zo da zanen goyo ta zauna wajen mata. Daga yanzu duk gidan da aka haihu a unguwar nan, ko maigida na nan ko yana kan hanya, a sanar da masallaci kafin kwana uku. Lambar ladan tana manne a jikin allon sanarwa.