Ba Kowane Labari Ne Tatsuniya Ba

Turawa suna da wata kalma, *story*, wadda suke zuba kome a cikinta kamar buhun ɗan koli. Abin da ya auku jiya a kasuwa *story* ne, yaƙin da aka yi shekara ɗari da suka wuce *story* ne, har ƙaryar da yaro ya shara wa uwarsa da wannan suna suke kiranta. Asalinta ɗaya ne da kalmarsu ta tarihi, daga Latin.

Hausa kuwa ta rarrabe. Labari shi ne abin da aka gani ko aka ji. Tatsuniya ta dare ce, ta Gizo da Ƙoƙi. Ƙissa ta Annabawa ce, tarihi na sarakuna da garuruwa. Shi ya sa a 1933, da Dokta East ya sa gasar rubuta littattafai a Zariya, da ƙyar aka shawo kan waɗansu malamai, don sun ɗauki ƙagaggen labari wasan yara ne.

To, mai fassarar da ya ga *story* ya rubuta tatsuniya bai duba ba, ya cuci mai karatu. Mutumin da ya sha wuyar yaƙi da jahilci bai cancanci a miƙa masa ƙissar Annabi Yusufu da sunan tatsuniya ba, balle ƙarya da sunan labari.