Daga Tokiyo Zuwa Dogon Dawa: Darasin Da Ke Cikin Zuwan Nijar Olamfik Na Farko

A ranar 10 ga Oktoban 1964 ne aka buɗe gasar Olamfik a birnin Tokiyo na ƙasar Japan, kuma daga cikin ƙasashen da aka kira sunansu a karon farko akwai maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, wadda a lokacin shekararta huɗu kacal da samun 'yancin kai. Ɗan wasa ɗaya tak ta iya turawa, wato ɗan damben Turawa Issaka Dabore, wanda ya yi ta fafatawa har ya shiga sahun mutum takwas na ƙarshe a ajinsa. Ya koma gasar a 1968, sa'annan a 1972 a birnin Munik na Jamus ya ciyo wa ƙasarsa lambar tagulla. Sai bayan shekara 44 Nijar ta sake ganin wata lamba, lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a wasan takwando a Riyo ta ƙasar Birazil a 2016.

Mai karatu na iya tambaya, me ƙasa matalauciya, wadda ke fama da fari da ƙarancin makarantu, ta tsinta a kai mutum guda Japan? Amsata ita ce suna ta je nema, kuma ta samu. A bikin buɗe gasar akan kira kowace ƙasa da sunanta, a ɗaga tutarta daidai da ta Amurka da ta Faransa, duniya na kallo. A wannan gasa ta Tokiyo ne ma wata tawaga ta shiga fili da sunan Rodeshiya ta Arewa, ta fita ranar rufewa, 24 ga Oktoba, da sunan Zambiya, domin a ranar ce ƙasar ta sami 'yancinta. Ga al'ummar da ta daɗe ana kiranta da sunan da wani ya laƙaba mata, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na biyu da tarihin irin waɗannan ƙasashe ke koyarwa shi ne, zuwan farko shuka ne, girbi sai an jira. Tsibirin Sen Lusiya, wanda jama'arsa ba su kai dubu 200 ba, ya fara halartar Olamfik a Atlanta a 1996. Bayan shekara 28, a birnin Faris a 2024, 'yarsa Julien Alfred ta lashe zinare a tseren mita 100. Tun tana makarantar firamare aka gano baiwarta, daga baya ta tafi Jamaika, sa'annan Jami'ar Texas. A gasar guda Najeriya ta tura 'yan wasa 88, suka dawo hannu rabbana, kamar yadda aka yi a Landan a 2012. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a wannan fage yawan da ba shi da shiri bai tsinana mana komai ba.

Wannan batu na suna da na shuka shi ya sa nake son mu dawo gida, mu dubi wani gari namu. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari na da mutum sama da dubu 250, wato ta fi Sen Lusiya jama'a. A cikinta Dogon Dawa take, gari na manoma a kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa. Yawancin 'yan Najeriya sun fara jin sunan garin ne a watan Oktoban 2012, ranar da 'yan bindiga suka kashe kimanin mutum 20 da asuba, akasarinsu masallata. Shekaru suka biyo baya ana ambaton yankin da fashi da garkuwa da mutane, har sunan dajinsa ya zama abin tsoratar da matafiyi. Sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa an buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. To amma yaron da aka haifa a shekarar wancan hari ya tashi bai san filin da ake tara samari a gwada su da gudu ko kokawa cikin kwanciyar hankali ba, alhali ya san hanyar daji da masu kira zuwa gare ta.

A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin wani ɓangare na sakacinmu yana cikin kalmar da muke amfani da ita. Da "wasa" muke kiran abin da yara ke yi a dandali, da shi muke kiran barkwanci tsakanin taubasai, kuma da shi muke kiran aikin da Dabore ya ba rayuwarsa. Idan Bahaushe zai nuna muhimmancin abu sai ya ce "ba wasa ba". Saboda haka idan aka kawo kasafin wasanni gaban shugaban ƙaramar hukuma, kunnensa ya riga ya gaya masa cewa abin da za a iya jinkirtawa ne. Kakanninmu kuwa ba su ɗauki dambe da kokawa da sauƙi ba. Bayan kaka ake kafa fage, a yi kiɗa, a yi kirari, gari ya san gwaninsa, shi ya sa har yau ake tuna Shago da Ɗandunawa. Nijar ta riƙe wannan gado da hannu biyu: tun 1975 take shirya gasar kokawa ta ƙasa, inda jihohinta ke takarar takobi, kuma da ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a Yamai a 2005, kokawar gargajiya na cikin jadawalin.

Ba na cewa fili da alƙalin wasa za su maye gurbin jami'an tsaro ko asibiti ba. Abin da nake cewa shi ne, zaman lafiyar da ba ta ba saurayi hanyar yin suna ba, gajeriya ce, domin mai bindiga ya riga ya yi masa tayin tasa hanyar. Jihar Kaduna ta karɓi baƙuncin bikin wasanni na ƙasa a 1977 da kuma 2009, don haka ba baƙuwar harkar ba ce. Ina kira ga ma'aikatar ilimi da ta wasanni su farfaɗo da gasar makarantu tun daga gunduma, a ware fili a kowace firamare, a horar da malami ko da guda ɗaya mai lura da baiwar yara. Masarautar Birnin Gwari da attajiran yankin su ɗauki nauyin kokawa da dambe da tsere bayan kowace kaka, a sa ladan da zai kai gwani makaranta a Zariya ko Kaduna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu 'yan boko da muka baro irin waɗannan garuruwa muna da namu kason, domin kuɗin takalman gudu da na motar kai yara gasa bai fi ƙarfin ƙungiyoyin ci gaban gari ba. Nijar da mutum ɗaya ta fara a 1964, ta jira shekara takwas kafin ta ga lamba. Idan aka soma yanzu, ba abin mamaki ba ne wata rana a ji sunan Dogon Dawa a bakin mai sharhin wasanni. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya.